Nasabar Faci: Yadda Ake Bin Sawun Gyaran Manhaja a Cikin Tarin Imel

A ce kai ne mai kula da wani sashe na babbar manhaja. Ka buɗe imel da safe, ka tarar da wasiƙa mai take PATCH v4 3/7, sai 'yar jimla ɗaya da ke faɗin abin da aka gyara. Daga taken ka san abu biyu: wannan faci ne na uku cikin bakwai, kuma karo na huɗu ke nan da mai aikin yake turo shi. Sauran duk sai ka nemo da kanka. Ina siga ta uku? Wa ya duba ta, kuma me ya ce? Ƙorafin da wani ya yi wata biyu baya, an magance shi ko an yi shiru an wuce? Na uku cikin bakwai ɗin nan, shi ne na uku cikin biyar na wancan karon, ko raba wani aka yi gida biyu? Amsoshin duka suna nan a rubuce cikin dubban wasiƙu. Igiyar da za ta ɗaure su wuri guda ce babu.

Faci, ga wanda bai saba da harkar ba, rubutu ne zalla mai nuna bambancin fayil kafin a taɓa shi da bayan an taɓa shi. Layin da aka cire yana farawa da alamar ɗebewa, wanda aka ƙara yana farawa da alamar tarawa, sai a bar layi uku a sama da uku a ƙasa domin a gane gurbin da gyaran zai zauna. Manhajar diff mai fitar da wannan bambanci ta samo asali ne daga Bell Labs a shekarun 1970, sannan a 1985 Larry Wall ya fitar da manhajar patch mai karɓar bambancin ta ɗora shi a kan fayil. Tunda rubutu ne kawai, imel na iya ɗaukarsa, mai bita kuma na iya yanko layi ya rubuta ra'ayinsa a ƙarƙashi.

Haka Linux ta girma tun 1991. Da Linus Torvalds, wanda ya fara Linux, ya ƙirƙiri Git, manhajar adana tarihin gyare-gyare, a 2005, ba a yar da wannan hanya ba, sai ma aka gina ta a cikin sabon kayan aikin: format-patch ya mayar da aikinka wasiƙu, send-email ya tura su, am ya kwashe su ya zuba a ma'ajiya. Har yau da imel ake gina Linux, da Git kanta, da QEMU, da PostgreSQL, da U-Boot. Duk mako tara ko goma Linux na fitar da sabuwar siga mai ɗauke da gyare-gyare sama da 10,000 daga hannun mutane wajen 2,000. Mafi yawan gyare-gyaren nan ta imel suka bi, kuma da dama sai da suka je suka dawo sau biyu, sau biyar, wani ma fiye da sau goma, kafin a karɓa.

Suna biyu, babu na gyaran

Kowace wasiƙar imel tana da lambar shaida da ake kira Message-ID, wadda babu wata wasiƙa a duniya da ya kamata ta yi tarayya da ita. Idan aka amsa wasiƙa, amsar tana ɗauke da layin In-Reply-To mai nuna uwarta, da layin References mai jero kakanninta. Waɗannan layuka suna cikin ƙa'idar imel ta RFC 822 tun 1982, kuma da su manhajar karanta imel take ƙulla zare. A cikin jeri guda abin yana aiki sumul. Wasiƙar gabatarwa ita ce 0/7, faci bakwai ɗin kowanne amsa ne gare ta, ra'ayoyin masu bita kuma suna rataye a ƙarƙashin facin da suka shafa.

Da an zo siga ta biyu sai zaren ya tsinke. Sababbin wasiƙu ne, da sababbin lambobi, kuma babu abin da ke cikin ƙa'idar imel da zai ce wannan ita ce ta maye gurbin waccan. Za ka ce ai sai a turo siga ta biyu a matsayin amsa ga ta farko. To, a nan ma bakin mutane bai zo ɗaya ba. Jagorar masu ba da gudummawa ga Git tana cewa a yi hakan. Ta Linux kuwa tana ba da shawarar a guje shi idan jerin yana da faci da yawa, saboda zaren yakan rikiɗe ya zama kurmi, sabuwar siga ta nutse a can ƙasan tsohuwar muhawara, mai kula bai gan ta ba. Kowane ɓangare yana da hujja. Amma duk manhajar da za ta bi sawu dole ta san cewa al'adar wannan zaure daban take da ta wancan.

Git kuma nata sunan daban ne. Kowane kwamit, wato gyara guda da aka rubuta a tarihin ma'ajiya, yana da tambari mai haruffa da lambobi 40. Ana lissafo tambarin ne daga abin da ke cikin fayiloli, da kwamit ɗin da ya gabace shi, da sunan marubuci, da sunan wanda ya shigar, da lokaci, da bayanin gyaran. Canja ɗigo ɗaya a cikinsu, tambari ya canja gaba ɗaya. Saboda haka tambarin da gyara yake da shi a kwamfutar marubuci ba shi ne wanda zai samu a wurin mai kula ba. Mai kula zai ɗora shi a kan wani tushe dabam, a wani lokaci dabam, ya ƙara layin Signed-off-by nasa, wato sa hannunsa, wataƙila ma ya gyara kuskuren rubutu a bayanin.

Ga inda gizo ke saƙar ke nan. Imel ya san wasiƙa. Git ta san kwamit. Amma abin da mutane suke magana a kai, wato gyaran kansa, wanda ya fara a matsayin shawara a watan Maris, ya sauya kama sau huɗu, ya shiga a watan Yuni, aka mayar da shi tsofaffin sigogi a watan Yuli, shi ba shi da suna ko ɗaya. Duk ƙoƙarin bin nasabar faci ƙoƙari ne na raɗa wa wannan abu suna, ko dai tun ranar haihuwarsa, ko kuma bayan ya girma ta hanyar duba kamanni.

Dangin ba iri ɗaya ba ne

Da dangantakar ta tsaya a kan siga ta ɗaya ta haifi ta biyu, da da sauƙi. Amma ɗauki misalin wata mai rubuta manhaja da ta turo faci biyar. Mai bita ya ce na biyu ya cika girma, abu biyu yake yi lokaci guda, a raba shi. Wani ya ce na huɗu da na biyar ai abu ɗaya ne, a haɗe su. Na farko kuma mai kula ya ga ba shi da matsala, ya ɗauke shi nan take. Siga ta biyu za ta zo da faci huɗu, amma ɗaya ne kawai ya tsaya yadda yake a lambarsa ta da. Na ɗaya da na biyu 'ya'yan tsohon na biyu ne, na uku shi ne dai na uku amma ta canja masa take, na huɗu kuma iyayensa biyu. Wanda ya ɗauka nasabar layi ce miƙaƙƙe, a nan zai ɓata. Rassa ne masu rabuwa su sake haɗuwa.

Akwai kuma dangantakar dogaro, wadda ta fi ba na'urorin gwaji wahala. Faci ba ya zama a iska, a kan wani tushe aka rubuta shi. Linux tana da ɗaruruwan ma'ajiyoyi na masu kula daban-daban, kowace da rassanta, kuma facin da ya zauna daram a kan wannan reshe zai iya ƙin zama a kan wancan. Na'urar gwaji ta kamfanin Intel, wadda ke kwasar faci daga imel tana harhaɗa su, sau da yawa canka tushen take yi, shi ya sa a saƙonninta take roƙon mutane su yi amfani da zaɓin da Git ta tanada tun 2016. Zaɓin yana rubuta layin base-commit a ƙasan wasiƙa, ya faɗi ainihin kwamit ɗin da aka yi gini a kai, kuma idan akwai wasu facin da ba su shiga ba tukuna amma ana buƙatarsu, ya jero su da layin prerequisite-patch-id. Mutanen QEMU suna rubuta Based-on sai lambar wasiƙar da aka dogara da ita, domin manhajarsu ta Patchew ta gane. Mutanen DPDK suna rubuta Depends-on. Buƙata ɗaya ce, kowa da yarensa.

Dangantakar da aka fi iya riƙewa ita ce ta bayan shiga, domin a lokacin kwamit ya riga ya samu tambarin da ba zai sake canjawa ba. Idan gyara ya zo da aibi, wanda ya zo toshe aibin yana rubuta layin Fixes, sai aƙalla haruffa 12 na farkon tambarin, sai taken kwamit ɗin. Wannan ɗan layin yana ɗauke da nauyi mai yawa. Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin, masu kula da tsayayyun sigogin Linux, suna mayar da gyare-gyare zuwa tsofaffin rassa, kowanne da layi a samansa mai faɗin tambarinsa na asali. In suka ɗauki wani gyara, daga baya aka gano shi ma yana da aibi, layin Fixes ne zai sanar da su cewa akwai na biyu da ya kamata ya bi bayan na farko. In marubucin na biyun bai sa layin ba, tsohon reshe na iya ɗaukar cutar ya bar maganin.

Sai kishiyoyi: mutum biyu da ba su san juna ba sun ga matsala ɗaya, kowa ya turo nasa maganin. Sai wanda aka sake turowa ba canji saboda an yi shiru da shi, mai ɗauke da kalmar RESEND a take. Sai wanda marubucinsa ya gaji ya bari, bayan shekara wani ya tsince shi ya ci gaba.

Ni ma abin ya taɓa ci na. A wani aiki da nake ba da gudummawa, na tura siga ta biyu ta wani ƙaramin jeri, mai bita ya duba ya sa hannu. Kwana biyu bayan haka na gano da kaina cewa akwai wata hanya da manhajar za ta bi idan an samu kuskure, inda nake sakin ƙwaƙwalwa sau biyu. Na gyara, na tura siga ta uku a sabon zare, har na canja taken facin domin ya fi dacewa. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban koma tsohon zaren na ce a dakata ba. Mai kula ya zo kwasar aiki a ƙarshen mako, ya ga zare mai amincewar mai bita, ya ɗauka. Siga ta uku tana can gefe da wani take dabam, babu abin da ya haɗa ta da waccan. Sai da wani mai amfani ya kawo rahoton manhajar tana faɗuwa sannan muka gane. Mai kula bai yi laifi ba, abin da ke gabansa ya yi aiki da shi. Saƙon layi ɗaya daga gare ni da ya hana duk wannan.

Gane ɗan uwa ta kamanni

Hanya ta farko ita ce a bar mutane su ci gaba da yadda suka saba, na'ura ta bi baya tana haɗa dangi. Mafi sauƙin makami shi ne umarnin patch-id na Git. Yana ɗaukar bambancin kaɗai, ya watsar da lambobin layi da tazarar rubutu, ya lissafo tambari daga abin da ya rage. Bai damu da marubuci ko lokaci ko bayani ba. Don haka facin da aka sake turowa ba canji, ko wanda mai kula ya ɗauka bai taɓa kod ɗinsa ba, tambarinsa ɗaya ne a imel da ma'ajiya. Amma amsarsa biyu ce kacal, e ko a'a. Canja sunan abu ɗaya a layi ɗaya, ya ce bai san su ba. Har layukan gefe, waɗanda ba kai ka taɓa su ba, suna cikin lissafin, don haka in wani ya gyara maƙwabcin layinka kafin ka sake turowa, nan ma tambari ya canja. Ita kuwa sabuwar siga, dalilin zuwanta ke nan: an canja wani abu.

Umarnin range-diff, wanda ya shigo Git 2.19 a 2018 ta hannun Johannes Schindelin, ya fi zurfi. Ka ba shi tsohon jeri da sabo, sai ya auna kowane faci na nan da kowane faci na can, ya ga yawan bambancinsu, ya nemi haɗin da jimillar bambancinsa ta fi ƙanƙanta. Sakamakon yana da daɗin karantawa: alamar daidai tana nufin ba a taɓa shi ba, alamar motsin rai tana nufin shi ne amma an canja, sai ya nuna maka canjin, kibiyar hagu na nufin ya fita, ta dama na nufin sabo ne. A ganina duk mai turo siga ta biyu ya kamata ya liƙa wannan a wasiƙar gabatarwa, tunda format-patch na iya yi masa. Iyakarsa dai ita ce ɗaya da ɗaya yake aurarwa. Facin da aka raba biyu, ɗaya zai samu uba, ɗayan ya fito kamar baƙo. Kuma sai ka riga ka san jeri biyun da za ka ba shi.

To idan ba ka sani ba fa, wasiƙu miliyoyi ne a gabanka? Wannan ita ce tambayar da Ralf Ramsauer da Wolfgang Mauerer na jami'ar OTH Regensburg a Jamus suka tunkara tare da abokan aikinsu, da manhajarsu mai suna PaStA. Tana kwatanta bayanin faci da bayani, bambanci da bambanci, ta auna yawan haruffan da sai an sauya kafin wannan ya zama wancan, ta ba da maki. Waɗanda makinsu ya haye wani mizani sai ta tara su gida ɗaya, tare da kwamit ɗin da suka zama a ƙarshe. Aiki ne mai kyau, kuma ya buɗe ƙofar tambayoyin da a da ba a iya amsawa. Sai dai mizanin nan takobi ne mai kaifi biyu. Ka sassauta shi, sai ta haɗa waɗanda ba dangi ba. Ka tuna mutum ɗaya na iya turo gyara iri ɗaya sak ga direbobi hamsin, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa na'urori, kowanne da take kusan ɗaya. Ka tsaurara shi, sai facin da aka sake rubutawa daga tushe bayan bita mai zafi ya rasa danginsa, alhali tarihinsa ne aka fi buƙata.

Patchwork, wadda Jeremy Kerr ya fara, ita ce allon da masu kula da yawa suke kallo kullum. Tana sauraron imel, ta tsame faci, ta jera su, kowanne da matsayinsa: sabo, ana dubawa, an nemi gyara, an karɓa, an ƙi, ko an maye gurbinsa. Shekaru da dama kowane faci shi kaɗai take ganinsa. Sai a siga ta 2.0 a 2017 ta fara gane jeri, a 2.2 kuma aka ƙara damar a ce wannan facin yana da alaƙa da wancan. Amma damar rubuta alaƙa daban, sanin alaƙar daban. Dole wani, mutum ko na'ura, ya zo ya faɗa mata.

Raɗa suna tun ranar haihuwa

Hanya ta biyu ita ce a ba gyara suna tun farko. Haka Gerrit take yi, manhajar bitar da Google ta gina domin Android. Da ka yi kwamit na farko, sai a liƙa masa layin Change-Id, doguwar lamba mai farawa da harafin I. Ka gyara shi sau ashirin, ka sauya masa tushe, tambarinsa ya yi ta canjawa, wannan layin yana nan. Da shi Gerrit take tara dukan sigogi a shafi ɗaya.

A 2019 Doug Anderson, injiniya a Google, ya kawo shawarar a bar wannan layi ya riƙa shiga tarihin Linux. An yi doguwar muhawara, shawarar ba ta karɓu ba. Hujjar Torvalds da masu ra'ayinsa ita ce lamba ce kurma: ba ta nuna ko'ina, ba ta gaya wa mai karanta tarihi komai, alhali kowace wasiƙa ta riga tana da lambar da za a iya bi a isa ga ainihin tattaunawar. Har yau manhajar checkpatch ta Linux tana gaya wa mai turo faci ya cire Change-Id.

Na daɗe ina juya wannan muhawara, kuma ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Lambar wasiƙa tana kai ka wuri, wannan haka yake, amma wasiƙa ɗaya take kai ka, ta siga ta ƙarshe. Ita kuwa siga ta ƙarshe sau da yawa ita ce mafi shiru, domin an gama faɗan tun a ta biyu da ta uku. Wanda ya zo bayan shekara biyar yana tambayar me ya sa aka bi wannan hanya aka bar waccan mai sauƙi, amsarsa tana cikin zaren da babu abin da ke nuna shi. Change-Id kuma ba ta warware komai da komai ba. In an raba faci biyu, wa zai gaji lambar? In an haɗe biyu, ta wa za a jefar?

Abin da aka tsaya a kai shi ne layin Link. Tun 2018 akwai rumbun lore.kernel.org, wanda aka gina a kan manhajar public-inbox ta Eric Wong, inda za ka sa lambar kowace wasiƙa a ƙarshen adireshi ta buɗe maka ita da zarenta. Masu kula da yawa suna sa wannan adireshi a ƙasan kwamit. PostgreSQL ma tana da irinsa, layin Discussion. Ko a nan ba a rasa saɓani ba: Torvalds ya sha kokawa cewa yakan bi Link yana neman dalilin gyara, sai ya tarar da facin da ya riga ya karanta, babu ƙarin komai. Shi bayani yake nema, masu na'urori kuma nasaba suke nema, an ɗora wa layi ɗaya kaya biyu.

Manhajar b4, wadda Konstantin Ryabitsev na Linux Foundation ya fitar a 2020, ita ce ta fi kusa da sulhunta ɓangarorin. Mai kula ya ba ta lambar wasiƙa ɗaya, ta je rumbu ta kwaso dukan jerin, ta tattaro amincewar masu bita daga amsoshi ta liƙa kowace a facinta, kuma tana iya duba ko akwai sabuwar siga. Da irin wannan dubawa aka yi a ranar da na ba da labari, da wataƙila an tsira. A ɓangaren mai turawa kuma, b4 tana ba jerin gaba ɗaya lambar change-id, ta rubuta ta a ƙasan wasiƙa tare da base-commit, inda ba za ta shiga tarihin Git ba, sannan a kowace sabuwar siga ta sa adireshin wadda ta gabata. Wato sunan yana rayuwa a imel, inda ake buƙatarsa, bai ƙazantar da tarihin da Torvalds yake karewa ba. Amma na jeri ne, ba na kowane faci ba, kuma sai wanda ya zaɓi amfani da b4. Ga sauran, sai ta koma ga take da sunan mai turawa, wato canka.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, tunda gyaran ya shiga? Lokacin masu bita shi ne abu mafi tsada a irin waɗannan ayyuka, kuma duk mintin da mai bita ya ɓatar yana tono abin da ya faɗa wata uku baya, an ɗebe shi ne daga karanta sabon kod. Masu son sa Linux a mota ko na'urar asibiti kuma hukumomin tabbatar da aminci suna tambayarsu shaidar cewa an yi bitar abin da ke ciki. Wannan na cikin abin da ya sa aka kafa shirin ELISA, mai aikin shirya Linux domin irin waɗannan na'urori, a 2019. Akwai ma wani ɓangare da ya ba ni mamaki. Masu binciken PaStA sun juya tambayar: wane kwamit ne ya shiga ba tare da an taɓa ganinsa a imel ba? A cikin waɗannan marasa asali suka tarar da gyare-gyaren ramukan tsaro, waɗanda aka tattauna a asirce aka shigar shiru kafin a sanar da duniya. Wanda ya iya bin nasaba da kyau, ya iya gano marar nasaba, kuma ba mai neman alheri kaɗai ke iya wannan lissafi ba.

A jikin kowane faci akwai wani layi mai gajerun zane uku, tsakanin bayanin gyara da kod. Duk abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa kafin a kai ga kod ɗin, Git tana zubar da shi lokacin shigarwa. A nan ne al'ada ta ce a rubuta abin da ya canja daga siga zuwa siga. Wurin da ya fi ko'ina faɗin nasabar faci, shi ne kuma wurin da aka tsara ba zai shiga tarihi ba. Yana rayuwa ne a rumbun imel kaɗai, shi ya sa Link ɗin da ke kai ka can yake da daraja a wurina ko da zaren shiru ne.

Tun bayan abin da ya same ni, ba na tura sabuwar siga sai na sa adireshin dukan waɗanda suka gabata, ba ta baya kaɗai ba, na sa tushen da na yi gini a kai, na liƙa sakamakon range-diff, sannan na koma tsohon zare na ce ga sabuwa can. A ƙarƙashin zane ukun kuma ina rubuta abin da na san babu manhajar da za ta gano shi da kanta. A jerin da na tura kwanan baya, abin da na rubuta a faci na uku shi ne: wannan rabin faci na biyu ne na siga ta baya, an raba shi bisa shawarar mai bita, na cire amincewarsa daga nan domin na canja yadda ake kulle bayanai, ina roƙon ya sake dubawa.